Yadda na koma ɗan koyo a Ayalan bayan na shekara da shekaru ina tuƙi

Mahaifina direban babbar mota ne, kuma a tsakanin tasha da garejin kanikawa na yi wayo a Zariya. Yana cikin direbobin da suka ga sauyin shekarar 1972, lokacin da Najeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma hannun dama, kuma har Allah Ya yi masa rasuwa bai daina ba da labarin ruɗanin da aka shiga a makonnin farko ba. A hannunsa na koyi mota yadda 'ya'yan direbobi suke koya: na fara da wanki, aka ba ni ɗumama inji da asuba, sannan aka bar ni ina ribas a fili, har ranar da ya miƙo mini makulli ya koma kujerar gefe. Bayan na gama sakandare na yi lasisi, na kama aikin tuƙi a wani kamfani, na daɗe ina bin hanyar Kano zuwa Legas rani da damina ba tare da na taɓa buge ko akuya ba. Ba ni da digiri, ba ni da jari, amma idan aka zo maganar sitiyari ban ɗauka akwai mai nuna mini wani abu ba.

Bayan annobar korona matata, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta sami aiki a ƙasar Ayalan, daga baya ni da yara muka bi ta. Ba a Dublin, babban birnin ƙasar, muka zauna ba. Wani ƙaramin gari ne a tsakiyar ƙasar, inda bas ba ta wuce 'yan lokuta a yini, ranar Lahadi kuwa sai dai haƙuri. Na sami aiki a wani gidan kula da tsofaffi da ke wani ƙauye mai ɗan nisa da mu, kuma aikin safe yana farawa tun kafin bas ta farko ta tashi. Tun makon farko na gane cewa a irin wannan wuri wanda ba shi da mota ba shi da aiki.

Da na je neman canza lasisina sai aka shaida mini cewa ba a musanya lasisin Najeriya da na ƙasar. Suna karɓar na ƙasashen Tarayyar Turai da na wasu ƙasashe ƙalilan da suka yi yarjejeniya da su, irin su Birtaniya da Japan da Afirka ta Kudu, amma mu sai mun fara daga tushe. Akwai sassauci ga wanda ya zo da cikakken lasisin ƙasarsa da ya riƙe aƙalla shekara biyu, inda ake rage masa darussan dole daga 12 zuwa 6, amma da sharaɗin lasisin bai daɗe da ƙarewa ba. Nawa ya riga ya ƙare tun ina cikin hidimar neman biza, don haka wannan ƙofa ta rufe. Na yi gwajin ido, na zauna jarrabawar ƙa'idojin hanya a kwamfuta, tambaya 40 ana son a ci 35, aka ba ni koren kati na izinin koyo. Cikakken lasisi ruwan hoda ne, kuma kowane ɗan sanda daga launin katin yake fara gane matsayin mutum.

Sharuɗɗan koren katin a rubuce suke. Ɗan koyo ba zai tuƙa mota ba sai da mai rakiya a gefensa wanda ya riƙe cikakken lasisi na aƙalla shekara biyu. Dole ya manna jan harafin L a gaba da bayan mota. Ba zai hau manyan hanyoyin gudu da lambarsu ke farawa da harafin M ba, ba zai ja tirela ba, ba zai ɗauki fasinja don kuɗi ba. Sannan sai ya yi wata shida da katin, ya kuma kammala darussa 12 a hannun malamin tuƙi mai rajista, kafin a yi masa jarrabawar hanya. Na karanta su duka, amma karatun wanda yake ganin ba da shi ake ba, domin a zuciyata an rubuta su ne saboda yara 'yan shekara goma sha bakwai da ba su san inda kuloci yake ba.

Akwai wani dattijo ɗan garinmu da ya daɗe a ƙasar yana tuƙa tasi, wanda duk muke kira Kawu ko da yake ba mu haɗa jini ba. Shi ya tarbe mu, shi ya nema mana gida, kuma da ya ga wahalar da nake sha sai ya ba ni aron tsohuwar motarsa, ya sa sunana a inshorarsa, ya manna mata harafin L da hannunsa. Da farko yana zama a gefena idan ya sami sarari. Amma mai tasi da dare yake nema, ba zai yiwu ya dawo gida ƙarfe uku ya tashi ƙarfe shida don ya raka ni aiki ba. Abokan aikina, baƙi da 'yan ƙasa, kowa ya ce mini haka kowa yake yi. Maganar tana da asali, domin har zuwa shekarar 2008 doka ta yarda wanda yake kan izininsa na biyu ya tuƙa shi kaɗai, kuma manya da yawa a ƙauyukan nan haka suka koyi mota. Abin da masu ba ni shawara ba su faɗa ba shi ne dokar ta daɗe da sauyawa, kuma tun ƙarshen 2018 an ba 'yan sandan ƙasar, da ake kira Garda, ikon ƙwace motar ɗan koyo nan take idan suka same shi ba mai rakiya. Haka na fara zuwa aiki ni kaɗai, Kawu yana sane, matata tana sane, kowa ya kau da kai saboda kuɗin haya ba ya jira.

Wata asubar hunturu ce, gari bai waye ba, ana yayyafin nan nasu da ba ya ƙarewa. Ina shan wata kwana sai na hango shuɗiyar fitila da mutane sanye da riguna masu ƙyalli sun kafa shingen bincike. Wata matashiyar 'yar sanda ta ɗaga mini hannu. Ta fara haska takardun nan uku da ake liƙawa a gilashin gaba, na haraji da na inshora da na lafiyar mota, duk suna nan daidai. Ta miƙo mini na'urar gwajin barasa na hura, abin da bai taɓa damuna ba tunda ban taɓa sha ba, ko da yake ma'aunin da aka yarda wa ɗan koyo miligiram 20 ne kawai na barasa a cikin mililita 100 na jini, na gama-garin direbobi kuwa 50. Sai ta nemi lasisi. Da ta ga koren kati sai ta mayar da tocilarta kan kujerar gefe, inda babu kowa sai kular abincina, ta tambaye ni ina mai rakiyata.

Na yi abin da bakina ya saba. Na ce ranki ya daɗe a yi haƙuri, aiki zan je, tsofaffi suna jirana in yi musu wanka, kuma na fi shekarunki ina tuƙi. Ta saurare ni har na gama, ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma yi mini wulaƙanci ba. Ta ce ta yarda na iya tuƙi, amma katin da ke hannunta bai ba ni izinin kasancewa a kan hanya ni kaɗai ba, don haka za ta tsare motar, kuma takardar tara za ta same ni a gida. Ta tambayi sunan mai motar, ta rubuta. A lokacin ban kula da nauyin wannan tambaya ba.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne saurin da komai ya gudana. Babu alƙali, babu zuwa ofis a daidaita, babu wani babba da za a kira a waya. Sashe na 41 na dokar hanya ta 1994, bayan gyaran da aka yi masa, ya ba ɗan sandan da ke tsaye a bakin titi cikakken iko ya raba mutum da mota a wurin. Motar janwe ta zo, aka ce in kwashe kayana. Na ciro kular abinci da sallaya da kujerar ƙaramin ɗana, na tsaya a gefen hanya riƙe da su ina kallon ana ɗaure motar Kawu da sarƙa. 'Yan sandan sun tambaye ni ko akwai mai zuwa ɗaukata, kuma ba su bar ni a wurin ba sai da suka tabbatar na sami wanda ya amsa waya. Wanda ya amsa ɗin Kawu ne, wanda bai fi awa uku da kwanciya ba.

Lissafin kuɗin bai yi kama da abin da zai rusa gida ba idan aka faɗe shi ɗaya bayan ɗaya. Fito da mota yuro 125 ne na yinin farko, sannan yuro 35 a kowace rana da ta ƙara kwana, kuma ba za a sake ta ba sai mai ita ya zo da shaidar mallaka da inshora da wanda yake da cikakken lasisi. Ƙarshen mako ya ratsa, kuɗin ya hau. Tarar tuƙi ba rakiya yuro 160 ce tun bayan da aka ninka ta a watan Oktoba na 2022, ana ba mutum kwana 28 ya biya, idan ya wuce a ƙara rabin kuɗin, idan ya sake wucewa sai kotu. Tare da tarar aka rubuta mini maki biyu na laifi, waɗanda suke zama shekara uku a kan sunan mutum. Direba mai cikakken lasisi da ya daɗe sai ya tara maki 12 ake dakatar da shi, amma ɗan koyo da sabon direba maki 7 kawai, a hana shi tuƙi wata shida. Gudu fiye da ƙima maki uku ne, riƙe waya maki uku, rashin manna harafin L maki biyu. Wanda ya bi shawarar masu cewa a ɓanɓare harafin don kada a gane shi, ƙarin laifi kawai ya jawo wa kansa, tunda katin zai tona shi.

Babban nauyin a kan Kawu ya faɗa. Dokar 2018 ba ta tsaya kan ɗan koyo ba, ta mayar da shi laifi ga mai mota ya bar ɗan koyo ya tuƙa motarsa ba rakiya alhali yana sane. Aka kira shi ofishin 'yan sanda don ya ba da bayani, kuma mutumin da abincinsa ya dogara da lasisin tasi ba ya wasa da irin wannan kira. A daren da ya gabaci zuwansa wasu daga cikin mutanenmu suka taru a gidansa, wani ya kawo shawarar da ya ce ita ce mafita: Kawu ya ce bai san na ɗauki motar ba. Ni kaina na goyi bayan haka saboda kunyar da nake ji, na ce, "Kawu, ku faɗi hakan, ni na jawo, ni zan ɗauka." Ya dube ni ya ce, "Yaro, ka san abin da kake faɗa kuwa? Idan na ce ban sani ba, ka zama wanda ya ɗauki motar mutane ba izini, wannan kuwa laifi ne da ya fi wanda ake tuhumarka da shi, kuma zai bi takardun zamanka. Ni na ba ka makulli, haka zan faɗa." Haka kuwa ya faɗa. Aka aiko masa da sammaci, ya tsaya gaban alƙali a ƙaramar kotu, aka ci shi tara. Lasisinsa na tasi ya tsira, amma watannin da ya yi yana jiran ranar shari'ar sun rage masa barci da walwala, kuma iyalinsa sun daɗe ba su sake da mu ba. Ban ga laifinsu ba.

Aikina bai tsira ba. Na gwada keke, amma hanyoyin ƙauyen ƙunci gare su kamar lungunan cikin birnin Zariya, ga duhu ga manyan motocin madara, matata ta ce gara talauci da a kawo mata gawa. Na gwada bin abokan aiki, lokutanmu ba su daidaita ba. Bayan na makara sau da yawa aka rage mini ranaku, daga baya na ajiye aikin da kaina kafin a sallame ni. Muka koma kan albashi ɗaya. Kuɗin da nake aika wa mahaifiyata duk wata ya tsaya, kuma na kasa gaya mata dalili, domin ta yaya ɗan direba zai ce an ƙwace masa mota saboda ana ganinsa ɗan koyo? Na riƙa ce mata abubuwa ne suka ɗan yi tsauri. Ita kuwa kullum amsarta ɗaya ce, Allah Ya buɗa, kada in sa damuwa a raina.

Na sa damuwar. Watannin nan su ne mafi duhu da na taɓa gani. Ina kai yara makaranta a ƙafa, in dawo in zauna ina kallon bango, matata ta dawo daga aikin kwana ta same ni inda ta bar ni. Na daina zuwa masallacin Juma'a a babban gari don kada in haɗu da Kawu. Na kuma gina wa kaina wani bayani mai daɗin riƙewa, cewa don ni baƙar fata ne aka yi mini haka. Ba na musun cewa baƙo yana gamuwa da wariya a ƙasar Turai, na gamu da ita a wasu wurare. Amma ranar da na raka Kawu kotu, yawancin waɗanda aka kira kan laifin hanya 'ya'yan ƙasar ne, wasu da iyayensu a gefe, don haka bayanin nawa bai daɗe ba ya rushe, ya bar ni ba abin da zan jingina da shi.

Matata ce ta biya kuɗin darussan da suka rage daga abin da take tarawa, ta ce, "Maigida, ko don yaran nan ka tashi ka gama abin nan." Malamin da na samu dattijo ne ɗan ƙasar, mai yawan shiru. Da na ba shi labarina ina ƙorafi, sai ya tambaye ni ko na san dalilin da ya sa ake kiran dokar da sunan Clancy. A ranar 22 ga Disamba 2015, a kusa da garin Fermoy da ke yankin Cork, wata mota da ɗan koyo ke tuƙawa ba rakiya ta yi karo da motar wata mata mai suna Geraldine Clancy da 'yarta Louise. Motarsu ta kife cikin wani rami da ambaliya ta cika, su biyun suka rasu. Mijin Geraldine, Noel Clancy, manomi ne, kuma yana cikin waɗanda suka iso wurin haɗarin. Shi ya yi ta fafutuka har majalisa ta gyara doka, aka fara aiki da gyaran ranar 22 ga Disamba 2018, shekara uku cif bayan rasuwarsu. Malamin bai ƙara komai a kai ba, ya ce in duba madubi in tayar da mota.

Labarin bai sa na daina ganin tsananin dokar ba, kuma har yau ina ganinsa. Wanda yake zaune a Dublin yana da bas da jirgin ƙasa, ɗan ƙasa kuma yana da uwa ko uba ko yaya da za su zauna a gefensa. Baƙon da aka kai ƙauye ba shi da ko ɗaya, ga jiran ranar jarrabawa da kan ɗauki watanni, ga kuɗin darasi. Doka ɗaya ce ga kowa, amma ba nauyi ɗaya take ɗora wa kowa ba. Sai dai na san abin da nake so a yi da a ce matata da 'yata ne a cikin ramin nan, kuma na san 'yar sandan da ta tsayar da ni ba ta da hanyar auna shekarun da na yi a hanyar Legas da tocila a cikin duhu. Abin da take iya gani kati ne da kujera.

Darussan sun kuma nuna mini abin da ban zata ba. Hannuna ya ƙware, amma ya ƙware ne a wata ƙasa. Idan na fito daga mahaɗa a hanyar da ba kowa, jikina yakan ja ni zuwa hannun dama, alhali a Ayalan hannun hagu ake bi. A shataletale idona yakan fara duba ɓangaren da ba daga nan mota take zuwa ba. Na saba da hon da fitila a matsayin magana tsakanin direbobi, a nan kuwa madubi da sigina da layi su ne maganar, kuma mai jarrabawa yana kallon ko kan mutum ya juya kafin ya sauya layi. Malamin ya ce masu irin tarihina sun fi yara wahalar koyarwa, domin yaro babu abin da za a cire masa. Ban ci jarrabawar a karon farko ba, kan kallon madubi da matsayi a shataletale aka kayar da ni, ba kan ribas a kwana ko tashi a kan tudu ba. Na sake nema, na sake jira, Allah Ya ba ni sa'a.

Yanzu ina da katin ruwan hoda, na koma aikin kula da tsofaffi a wani gida dabam, kuma kuɗin mahaifiyata ya ci gaba da tafiya. Amma doka ba ta gama da ni ba. Sabon direba yana manna harafin N na tsawon shekara biyu, iyakarsa tana nan a maki 7, ma'aunin barasarsa na ɗan koyo ne, kuma makina biyu suna nan ba su goge ba, abin da kamfanin inshora bai manta da shi ba lokacin da na sayi motata. Idan sababbin zuwa suka tambaye ni, ina gaya musu su sabunta lasisinsu na gida kafin su taso, su nemi sassaucin darussan da wuri, kuma kada su karɓi aikin da ba za su iya isa ba sai da mota kafin su shirya wanda zai raka su. Wanda ya zo aron mota kuwa, katinsa nake fara tambaya, ko da zai ji haushi.

Na je na sami Kawu a gida kafin azumin da ya wuce, na kai masa kuɗin tarar da ya biya, ya ƙi karɓa, ya ce in sa a asusun da muka buɗe a masallaci don taimaka wa sababbin zuwa da kuɗin darasi. Mun kuma tsara jerin masu cikakken lasisi da suka haura shekara biyu, kowa yana ba da 'yan awoyi a mako yana zama a gefen mai koyo. Sunana ba ya cikin jerin tukuna, domin mai harafin N ba ya raka kowa. Matata ta karɓi nata koren katin a bana, kuma duk da muna gida ɗaya da mota a ƙofa, ba ni da ikon zama a gefenta a matsayin mai rakiya, don haka Kawu ne yake zuwa ranar Lahadi bayan azahar su fita, ni kuma in zauna da yara.